Kundin aikin gwajin takin gida da zinki a gonar masara, yankin Giwa

16 ga Maris

An kammala awon fili da kafa turaku. Gonar tana cikin ƙaramar hukumar Giwa, daura da hanyar Zariya zuwa Funtuwa, tudu ce mai ɗan gangara. Samanta yashi-yashi ne, idan aka haƙa santimita 20 zuwa 25 sai a tarar da jan gargari. Shekara da shekaru masara ake yi mata da kamfa da yuriya, bayan girbi a kwashe kara kaf don dabbobi da girki, ba a mayar mata da komai. Irinta muke nema, domin haka yawancin gonakin masarar yankin suke.

Abin da muke son sani kashi biyu ne. Shin kashin shanu tan 5 a hekta zai iya tsaya wa rabin takin zamani? Kuma ƙara zinki da boron, ƙananan sinadaran da shuka ke buƙata kaɗan-kaɗan, yana biyan kuɗinsa, ko kuwa takin gida ya riga ya ɗauke wannan nauyin? Aikin na damina uku ne a kan filaye iri ɗaya.

Haɗi shida za a gwada. Haɗin A ba a ba shi komai. B takin zamani cikakke, wato kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfet, 60 na fotash a hekta, kamar yadda aka saba ba da shawara a wannan yanki. C daidai yake da B sai an ƙara zinki da boron. D kashin shanu zalla. E kashin shanu da rabin takin zamani. F daidai yake da E sai an ƙara zinki da boron. Kowane haɗi sau huɗu, fegi 24 ke nan. Fegi ɗaya kunya shida ne masu tazarar santimita 75, tsawon mita 5, wato murabba'in mita 22.5. An bar mita 1 tsakanin fegi da fegi, mita 2 tsakanin rukuni da rukuni.

An shimfiɗa rukunan huɗu a gicciye da gangaren, na 1 a can sama inda ruwa ya ɗebe saman ƙasa, na 4 a ƙasa inda take taruwa. Da an jera su bi da gangaren, haɗin da ya faɗa ƙasa zai ci nasarar da ba tasa ba. A cikin kowane rukuni ƙuri'a ce ta raba wurare: an rubuta haruffan a takarda, an jefa a hula, an zara.

19 ga Maris

Ɗibar ƙasa kafin a zuba komai. Daga kowane fegi an ɗebi wuri takwas a karkace, zurfin santimita 20, rabi daga kan tsohuwar kunya rabi daga kwarinta, aka gauraya aka ɗauki rabin kilo.

Abin da ya fi ɓata gwajin zinki ba a ɗakin gwaji yake faruwa ba, a gona ne. Bokitin ƙarfe mai ƙyalli da kwanon rufi duk da zinki aka lulluɓe su. Ƙasa ta taɓa su, sakamako zai nuna tana da wadata alhali babu. Saboda haka bokitin roba muka yi aiki da shi, da ƙarfen haƙa marar tsatsa, aka shanya a inuwa kan takarda, aka tankaɗe da rariyar roba mai ido milimita 2. An kauce wa gindin itace, da wurin da aka ƙona shara bara, da tsohon suri.

An kuma buga zobban ƙarfe masu cin santimita kubik 100 na ƙasa, biyu a kowane fegi, don auna daskarewarta. Ƙasar rani ta yi tauri har zoben yana farfasa ta, sai da aka jiƙa wurin da yamma aka dawo da safe.

6 ga Afrilu

Taki ya iso, daga garke ɗaya, don kada a haɗa iri biyu. Nan ne matsala ta farko. Wanda aka share daga turke da rani yana zuwa da yashi mai yawa, kuma a sikeli yashi da taki duk nauyi ne. Gwajin mai sauƙi ne: a cika rabin kwalba da takin, a ƙara ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Yashi zai kwanta a gindi cikin minti ɗaya, taki ya tsaya a sama. A amalanke ta farko yashin ya kusa rabin abin da ke kwalbar. An mayar da ita, aka zaɓi na tsakiyar turke inda kashi ya yi kauri ya haɗu da fitsari da ragowar harawa.

Wannan ne dalilin da ya sa manomi biyu za su ce sun zuba mangala ashirin-ashirin, ɗaya ya ga amfani ɗaya bai gani ba. Busasshen kashin shanu a nan naitirojin ɗinsa yakan tsaya wajen kashi 1 cikin 100, wanda rana da iska suka daɗe suna duka bai ma kai haka ba. Mafi saurin amfani a cikin abin da saniya ke fitarwa yana cikin fitsari, kuma shi ne farkon tashi idan babu shimfiɗar da za ta tsotse shi. Tan 5 mai kyau yana ɗauke da kimanin kilo 50 na naitirojin, amma abin da masara za ta samu a daminar farko bai fi kashi ɗaya cikin uku ko huɗu ba. Sauran sai daga baya. Don haka ba ma sa ran D ya kama B a bana.

An tara shi tsibi ɗaya a inuwar mangwaro, tsayin mita 1.2, ana yayyafa ruwa hawa-hawa. Ma'aunin laimar shi ne a dunƙula a hannu: ya haɗu, tafin hannu ya jiƙe, amma ruwa bai ɗiga ba. An rufe da tsofaffin buhuna da kara.

27 ga Afrilu

An juya tsibin. Tsakiyarsa ta yi zafin da ake so, tsakanin digiri 55 da 65, wanda ke kashe yawancin irin ciyawar da ya bi ta cikin dabba. Gefen gabas ya bushe ya yi fari-fari, bai ruɓa ba, saboda iska ta yaye buhunan. An mayar da gefen tsakiya, an sake jiƙawa, an danne rufin da duwatsu.

11 ga Mayu

Sakamakon ƙasa ya dawo, kuma bai saɓa wa abin da aka sani game da tudun wannan yanki ba. Tana da ɗan tsami, ma'aunin pH bai kai 6 ba. Kabon ɗin da ke cikinta, wanda ke nuna yawan ruɓaɓɓen abu, yana wajen rabin kashi ɗaya cikin 100. Fosfaras, sinadarin da fosfet ke bayarwa, ya yi ƙasa, fotash da dama-dama. Zinki kuwa ba ɗaya yake a duk gonar ba: rukuni na 1 da na 2 sun fi talauci, na 4 ya fi su nesa. Zinki a saman ƙasa yake zaune tare da ruɓaɓɓen abu, inda zaizaya ta kwashe sama ta tafi da shi.

Akwai lissafin da ya kamata a rubuta tun yanzu, don kada wani ya zo a Oktoba yana neman abin da ba zai samu ba. Saman hekta ɗaya zuwa zurfin santimita 20 nauyinsa kimanin tan 3,000 ne. Rabin kashi ɗaya cikin 100 na wannan shi ne tan 15 na kabon. Takin da za mu zuba yana ɗauke da tan 1 da ɗoriya, kuma a zafin ƙasarmu ƙwayoyin halitta da gara za su cinye mafi yawansa kafin shekara ta zagayo. Idan kashi ɗaya cikin biyar ya tsaya, ƙarin bai wuce 0.01 cikin 100 ba. Kuskuren awon ɗakin gwaji ma ya fi wannan girma. Duk rahoton da ya ce damina ɗaya ta ninka kabon da tan 5 na taki, to ɓarɓashin takin aka auna, ba ƙasa ba.

Hujjar da ke hannu a kan wannan ta dogon zango ce. A Samaru akwai filin gwajin da aka fara tun 1950, ana ce masa DNPK, inda ake zuba kashin shanu da takin zamani a wurare iri ɗaya shekara bayan shekara. Filayen da aka daɗe ana ba su takin naitirojin ba tare da kashi ba sun yi tsami, waɗanda ke samun kashi sun fi riƙe kabon ɗinsu. A bana abin da za mu bi shi ne alamomin da ke saurin motsi: yadda ruwa ke shiga ƙasa, aikin tana da gara, launin ganye, da yawan wuta-wuta.

29 ga Mayu

An yi ruwa biyu masu kyau, ƙasa ta jiƙu. Taki ya yi baƙi, warin fitsari ya tafi, yana marmashewa a hannu.

Tan 5 ɗin na busasshen nauyi ne. An busar da samfur, aka ga kashi ɗaya cikin huɗu ruwa ne. Fegi ɗaya yana buƙatar kilo 11.25 busasshe, a raba da 0.75, ya zama kilo 15 na abin da ke tsibin. An auna wa D, E da F, aka zuba a kwarin tsohuwar kunya, aka yi huɗa da garmar hannu a rana guda aka rufe shi. Ba a sa shanun huɗa ba, domin garmarsu tana jan taki daga wannan fegi zuwa wancan. An ajiye samfurin takin don a auna naitirojin, fosfaras da zinkin da ke cikinsa.

12 ga Yuni

Shuka. Irin SAMMAZ 15 ne, farar masarar da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar, mai jure wuta-wuta. Ƙwaya biyu a rami, tazarar santimita 25, zurfin santimita 4 zuwa 5, da igiya mai ƙulli. Bayan cira za a bar ɗaya, tsiro 120 a fegi, 53,333 a hekta. Sati biyun da aka bari tsakanin taki da shuka da gangan ne. Takin da bai gama ruɓa ba yana fara jan naitirojin daga ƙasa kafin ya sake shi, sai tsiro ya fito rawaya a lokacin da ya fi buƙata.

24 ga Yuni

Cira, noman firi, da takin farko. Kamfa 15:15:15 buhu takwas a hekta, kilo 400, shi ke ba da 60 na kowane sinadari. A fegi giram 900 ke nan ga B da C, giram 7.5 ga kowane tsiro. E da F giram 450. An huda rami da tsinke santimita 5 zuwa 7 daga gindi, aka zuba aka rufe. Da murfin kwalbar lemo ake rabawa, amma sai an gwada shi a sikeli tukun, kuma abin da murfi ke ci na kamfa ba shi yake ci na yuriya ba, domin yuriya ta fi sauƙin nauyi.

Zinki kilo 5 a hekta muke so. Gishirin zinki salfet iri biyu ne a kasuwa, mai kama da sukari yana da kashi 21 cikin 100, mai gari ko ƙwaya yana da wajen 33. Wanda bai karanta buhu ba yana iya zuba kashi biyu cikin uku na abin da ya yi niyya. Namu mai 21 ne, don haka kilo 24 a hekta, giram 54 a fegi. Boron kilo 1 a hekta, daga boraks mai kashi 11, kilo 9 ke nan, giram 20 a fegi.

Giram 20 ba ya rabuwa ga tsiro 120 da hannu, kuma boron ba ya yafe kuskure: tsakanin abin da ya isa da abin da ke ƙona shuka tazarar kaɗan ce. An niƙa shi da zinkin, aka cuɗa da busasshen yashin rafi kilo 1.2 a cikin leda, aka girgiza sosai, kowane tsiro ya samu giram 10 na haɗin a rami na daban, ɗaya gefen kunyar. Gwajin haɗa zinkin da kamfa a roba ɗaya bai yi ba. Cikin sa'a guda ya jawo laima ya dunƙule, ga shi kuma fosfet yana ɗaure zinki idan suka zauna wuri ɗaya.

Wani ƙaramin abu da ake yawan mantawa: zinki salfet yana ɗauke da farar wuta, kilo 24 yana kawo kusan kilo 2.6 nata. Ƙasashen nan da yawa suna ƙarancinta, don haka idan C ya fi B ba za a san ko zinki ne ko farar wuta ba. An ba B da E jifsam, wanda shi ma yake ɗauke da farar wuta, giram 33 kowanne don a daidaita.

8 ga Yuli

Yau gonar ta fara magana. A filayen B na rukuni na 1 da na 2 sababbin ganye sun fito da faffaɗan zane fari-fari a gefe biyu na jijiyar tsakiya, yana farawa daga gindin ganyen. Jijiyar kanta da bakin ganyen kore ne. Gaɓoɓin sun gajarce, shukar ta tsugunna. Ƙarancin zinki ke nan ba tantama. Fegin C da ke maƙwabtaka da su babu ko ɗaya.

Ana yawan rikita shi da wasu abubuwa, kuma rikicin yana sa a kashe kuɗi a banza. Ciwon zane da ƙwaro ke yaɗawa siraran layuka ne masu tsinkewa, suna bin jijiyoyi a duk faɗin ganye, kuma yana kama shuka ɗai-ɗai a warwatse, ba ya bin iyakar fegi. Rashin naitirojin a tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa, rawaya daga tsini tana bin tsakiya. Rashin farar wuta sabon ganye ne yake koɗewa gaba ɗaya, babu zane. Rashin fotash bakin tsohon ganye ne yake ƙonewa. Manomin da ya ga farin zane ya ƙara yuriya bai magance komai ba.

Abin lura biyu. A, wanda bai samu komai ba, bai nuna zanen ba. Ya tsumbure, ganyensa rawaya, wasu da jan baki na rashin fosfaras, amma girmansa bai kai inda zinki zai gaza masa ba. Kamfa ce ta tura B ya yi sauri har buƙatarsa ta wuce abin da ƙasa ke iya bayarwa, kuma yawan fosfaras kusa da saiwa yana ƙara rage shan zinki. Wannan ya dace da abin da gwaje-gwajen TAMASA, wani shirin binciken noman masara, suka nuna a gonakin manoman arewa a 2015 da 2016: naitirojin da fosfaras su ne manyan masu tauye masara, ƙananan sinadarai suna tasiri a wasu gonaki ne, bayan an biya manyan.

Na biyu ya fi muhimmanci a wurinmu. E bai samu zinkin buhu ba, amma babu zane a ko'ina cikinsa, har a rukuni na 1. Abin da masara ke sha na zinki a hekta bai kai rabin kilo ba, kuma tan 5 na kashin shanu yana iya kawo kusan hakan, ga shi ruɓaɓɓen abu yana riƙe shi a yanayin da saiwa ke iya ɗauka.

Ba za a ceci B ba, gwajin zai lalace. A kunyoyin da ke wajen filayen gwaji, waɗanda aka ba kamfa zalla, aka gwada feshi: giram 75 na zinki salfet a lita 15 na ruwa, da rabin hakan na farar ƙasa don kada ganye ya ƙone, da sassafe.

15 ga Yuli

Ruwa mai ƙarfi da dare ya karya bakin kunyoyi a rukuni na 4, ya kwaso ƙasa daga E ya zuba a kunya biyu na A. Ruwan daga gonar sama ya taho, ramin da ke tare shi ya yi ƙanƙanta. An faɗaɗa shi, an ɗaga tudun ƙasa kewaye da kowane fegi, an ɗaure kwarin kunyoyi duk bayan mita biyu. Fegin A na rukuni na 4 an sa masa alama. Za a yi lissafi da shi, a sake yi ba da shi ba.

Kunyoyin da aka fesa sun fitar da sababbin ganye kore. Tsofaffin da zanensu suke, ba sa komawa.

23 ga Yuli

Maimai da yuriya. Ragowar kilo 60 na naitirojin, a raba da 0.46, kilo 130 a hekta: giram 293 ga B da C, 147 ga E da F. An binne ta a ƙasa mai laima aka yi ban ƙasa a kai. Wadda aka watsa a sama aka bari rana ta doka, wani kaso nata yana zama ammoniya ya bi iska.

Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda aka fara gani a Najeriya a 2016, ta shigo. An duba tsiro 20 a kowane fegi, abin ya wuce ɗaya cikin biyar, aka fesa maganin ƙwari emamektin da yamma, bakin famfo a cikin zuciyar. Duk fegi 24 aka fesa, har waɗanda ba ta taɓa ba, don kada feshi ya zama bambanci na bakwai.

An yanki ganye daga kowane fegi don awon zinki. An wanke da ruwa mai tsabta, aka sa a ambulan takarda, ba leda ba.

12 ga Agusta

Fure da gemu. Ana rubuta ranar da rabin shukar fegi ta fitar da fure a ka, da ranar da rabi ta fitar da gemu. C, E da F ne suka riga, gemunsu ya biyo fure ba da jinkiri ba. B na sama ya makara kaɗan. A ya makara sosai, kuma tazarar da ke tsakanin furensa da gemunsa ta yi faɗi. Wannan tazara ita ke kawo goyo mai giɓi, domin garin fure yana ƙarewa kafin gemun ƙarshe ya fito. Rashin boron ma yana kawo giɓi, haka fari a wannan lokaci, don haka ganin totuwa marar ƙwaya a tsini bai isa a ɗora wa boron laifi ba. An tsinki ganyen da ke gindin goyo don awo na biyu. A nan zinkin da ya gaza miligiram 15 zuwa 20 a kilo ana ɗaukarsa rashi ne.

Wuta-wuta ta fi yawa a A, sai D. A sauran ɗai-ɗai ce. An ƙirga, an tuge kafin ta yi fure, an ƙona a waje. Filayen taki sun fi ciyawa, galibi daga irin da ke gefen tsibin nan da bai yi zafi ba. Wannan kuɗin noma ne, an rubuta shi a lissafin D, E da F.

D ya fara koɗewa daga ƙasa. Takin ya kai shi har nan, amma ba ya sakin naitirojin da saurin da goyo ke nema.

3 ga Satumba

Awon shigar ruwa. An buga bututu mai faɗin santimita 15 zurfin santimita 7 a kafaɗar kunya, aka zuba mililita 440, daidai da ruwan sama milimita 25, aka riƙe agogo. Zubi na farko don jiƙawa ne, na biyu ake rubutawa. Filayen taki sun fi saurin shanyewa a rukuni uku, a na 4 babu bambanci saboda ƙasar a cike take da ruwa. Ba mu ɗauki wannan a matsayin ƙasa ta gyaru ba tukun. Ramukan gara da tana ne ke buɗe hanya inda taki yake, kuma garar nan ta ci gindin wasu karare a D da E har suka kwanta. An ƙirga su. Idan abin ya dawo baɗi za a sake duba yadda ake ruɓar da takin, domin gara ragowar kara da bai ruɓa ba take bi.

9 ga Oktoba

Girbi. Gindin ƙwaya ya yi baƙin tabo, alamar ta gama cika. Kunya huɗu na tsakiya kawai aka ɗauka, aka bar rabin mita a kowane kai, murabba'in mita 12, tsiro 64 idan babu giɓi. Kunyoyin gefe ba sa shiga lissafi, suna satar taki da haske daga maƙwabta. A kowane fegi an ƙirga tsiro, da wanda ya kwanta, da goyo, da ruɓaɓɓe, aka auna goyo da kara daban-daban.

Ba za a rubuta amfanin hekta ba sai an sussuke an auna laima, domin filayen ba su bushe daidai ba. Wanda ya samu naitirojin da yawa yana daɗewa ɗanye, sikelin gona yana yi masa ƙari. Komai za a mayar da shi laimar kashi 15 cikin 100. Misali, idan fegi ya ba da tsaba kilo 5 a laima 18, a ninka da 82 a raba da 85, ya zama 4.82; a ninka da 10,000 a raba da 12, kimanin tan 4 a hekta.

Abin da ido da sikelin gona suka nuna: A ne a ƙasa, D ya fi shi a fili amma bai kusanci sauran ba. E yana kafaɗa da kafaɗa da B da rabin takin zamani. C ya fi B a rukuni na 1 da na 2, a na 3 da na 4 ba a ga tazara ba. Tsakanin E da F babu abin da za a nuna. Idan busasshen awo ya tabbatar da haka, zinkin buhu na gonar da ta zaizaye ce kuma ba ta samun taki, ba na kowace gona ba. Boron kuwa wannan tsari ba zai iya raba tasirinsa da na zinki ba, tunda tare aka ba su. Sai awon ganye ya dawo a ga ko ya cancanci a ware shi baɗi.

Tsabar da za a auna zinkinta da hannu za a ɓare ta, injin sussuka yana gurɓata samfur. Wannan awon yana da amfani ko da amfanin gona bai ƙaru ba, domin masarar tuwo ce, kuma abin da ke cikin ƙwaya shi ke isa ga yara.

Kara za a kwashe daga duk filayen kamar yadda mai gonar ya saba, don taki ya zama shi kaɗai ke kawo ruɓaɓɓen abu. Zinkin C da F ba za a maimaita shi baɗi ba, kilo 5 yakan yi aiki damina biyu zuwa uku, kuma muna son ganin iyakarsa. Turakun itace za a maye su da ƙarfe da siminti a kusurwa huɗu na kowane rukuni. Sai shinge kafin ƙarshen wata: da zarar an gama girbi a maƙwabta za a saki dabbobi, kuma garke ɗaya ya kwana a kan A, shekara biyun da suka rage ba su da abin kwatantawa. Ɗibar ƙasa ta biyu a makon farko na Nuwamba, daga wurare iri ɗaya da na Maris, da bokitin roba.